Amsoshin Tambayoyinku: Laƙabin Izgili da 'Yan Siyasa ke Liƙa wa Birane

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu kuwa a kan batu ɗaya suke, wato ɗabi'ar da wasu 'yan siyasa suke da ita ta raɗa wa birni ko unguwa sunan izgili, su riƙa maimaita shi a gaban magoya bayansu har ya danne sunan gaskiya.

Tambaya ta farko, daga wani malamin makarantar sakandare a Zariya

Malam, mu Zagezagi da Kanawa mun tashi mun tarar da iyayenmu suna tsokanar juna, kowa yana kushe garin ɗan'uwansa, ba a kuma taɓa zare wa juna ido a kan haka ba. To me ya sa nake jin kafofin labarai na waje suna tayar da jijiyar wuya idan ɗan siyasa ya kira wani birni da sunan ba'a? Ashe ba duk wasa ba ne?

Amsa

Malam, Allah ya ƙara basira. Abin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, taubasantaka ce, tana kuma da ƙa'idojin da kowa ya sani ko da ba a rubuta su ba. Ana yin ta ne gaba da gaba, wanda aka tsokana yana da cikakken ikon ramawa nan take, babu wanda yake riƙe da baitulmali ko 'yan sanda a cikinsu, kuma idan rana ta ɓaci taubashi ne kan gaba wajen agaji. Saboda wannan amfani nata na kashe wutar gaba ne hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a shekarar 2014. Laƙabin ɗan siyasa bai cika ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba. Ba da mutanen garin yake magana ba, da wasu mutane yake magana a kansu, yana kuma yin haka ne domin masu saurarensa su ji cewa mazauna can ba irinsu ba ne.

Misali mafi bayyana shi ne na Italiya. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 Umberto Bossi, wanda ya kafa jam'iyyar Lega Nord a arewacin ƙasar, ya riƙa kiran babban birnin da "Roma ladrona", wato Roma ɓarauniya. Abin da yake son manomi da mai ƙaramar masana'anta na yankin Milan da Venis su fahimta shi ne, su ne ke gumi suna biyan haraji, Roma kuma tana kwashewa tana ciyar da malalata na kudu. Kalmomi biyu kacal suka ɗauke masa nauyin bayanin kasafin kuɗi gaba ɗaya, suka kuma kai shi har ga shelanta wata ƙasa da ya kira Padaniya a watan Satumba na 1996. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 2017 wata kotu a Genoa ta sami Bossi da ma'ajin jam'iyyar da laifin zamba a kan kuɗin da gwamnati ke mayar wa jam'iyyu bayan zaɓe, ta ba da umarnin ƙwace kimanin Yuro miliyan 49. Matteo Salvini, wanda daga baya ya karɓi jagorancin jam'iyyar, da ya ga ba zai mulki ƙasa da ƙuri'un arewa kaɗai ba, ya cire kalmar arewa daga sunan jam'iyyar, ya nemi afuwar mutanen kudu, har ya ci kujerar sanata daga Kalabriya a 2018. Wannan yana nuna mana cewa sunan kayan aiki ne, ana ɗaukarsa lokacin da yake kawo ƙuri'a, a ajiye shi lokacin da ya fara korar ta.

A Amurka salon ya ɗan bambanta, domin sau da yawa sunan birnin ne da kansa ake mayarwa zagi. A babban taron jam'iyyar Republican na 1984 a Dallas, Jeane Kirkpatrick, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta yi ta nanata "'yan Democrat na San Francisco". A zahiri tana nufin garin da abokan hamayya suka yi nasu taron a wannan shekara, amma masu saurarenta sun ji abin da ake so su ji, wato birnin da suke ɗauka matattarar lalacewar tarbiyya da rashin kishin ƙasa. Haka kuma Donald Trump ya mayar da Washinton "fadama" da ke buƙatar a tsane ta a yaƙin neman zaɓen 2016, duk da cewa wasu 'yan siyasa na jam'iyyun biyu sun riga shi amfani da wannan furuci.

Wanda ya fi shafar mu a matsayinmu na Musulmi shi ne "Londonistan". Jami'an tsaron Faransa ne suka fara amfani da shi a tsakiyar shekarun 1990, bayan hare-haren bam na 1995 a Faris, suna nuna fushinsu a kan yadda Birtaniya ta bar wasu da ake zargi suna zaune a Landan. A wancan lokaci ƙorafi ne a kan 'yan tsirarun mutane sanannu da kuma manufar gwamnati. Da sunan ya faɗa hannun 'yan siyasa masu ƙyamar baƙi, sai ya faɗaɗa ya rufe duk Musulmin birnin, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna su ne kashi 15 cikin 100 na mazaunansa, da likitansu da direban motar hayarsu da ɗan makarantarsu. Tun da aka zaɓi Sadiq Khan, wanda Musulmi ne, magajin gari a 2016 sunan ya ƙara yawo. Saboda haka, Malam, ban yarda a sa wannan a ma'auni ɗaya da tsokanar da kake yi wa Bakano a kasuwar Sabon Gari ba.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar kasuwa a Nima, cikin birnin Akra

Malam, a nan Akra akwai unguwar da ake kira Sodom and Gomorrah, ina da 'yan'uwa da abokan ciniki a can, kuma suna jin zafin sunan ƙwarai. Wasu suna ce mini suna ai ba ya kashe mutum. Shin da gaske suna kaɗai yana iya cutar da jama'a?

Amsa

Hajiya, wasiƙarki ce ta fi taɓa ni a cikin huɗun nan, domin unguwar da kika ambata ita ce hujja mafi ƙarfi da na sani a nahiyarmu a kan wannan batu. Sunanta Old Fadama, tana gefen kogin Odaw da tafkin Korle, dab da kasuwar Agbogbloshie. Ta cika da jama'a musamman bayan rikicin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba a arewacin Gana, lokacin da mutane da yawa suka gudo kudu neman mafaka da abinci, daga baya kuma masu ci-rani suka yi ta ƙaruwa, cikinsu har da matan nan 'yan dako da ake kira kayayei, da masu sayar da doya da albasa, da masu sana'ar gwangwan. Ƙidayar da mazauna unguwar suka yi da kansu a 2009 ta sami kusan mutum 80,000.

Ki lura da sunan da aka zaɓa musu. Babu Musulmi ko Kirista da bai san labarin Sodom da Gomorrah, garuruwan mutanen Annabi Luɗu, ba, kuma kowa ya san yadda labarin ya ƙare, da halaka wadda masu ita suka cancanta. Duk jami'in da ya tsaya gaban 'yan jarida ya kira unguwar talakawa da wannan suna, ya riga ya yanke mata hukunci a zukatan masu sauraro tun kafin a je kotu, ya kuma gaya musu cewa idan aka rushe ta babu abin baƙin ciki. Shekara da shekaru hukumomin birnin da 'yan siyasa da jaridu suna amfani da shi kamar shi ne sunan da ke cikin taswira. A 2002 hukumar birnin Akra ta ba mazauna wa'adin tashi, babbar kotu kuma ta ƙi karɓar ƙorafinsu. Sannan a ranar 3 ga Yuni, 2015, ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Kafin watan ya ƙare motocin rusau sun shiga Old Fadama ƙarƙashin magajin gari Alfred Vanderpuije, bisa dalilin cewa gine-ginen bakin ruwa suna toshe magudana, dubban mutane suka kwana a fili cikin damina.

Ba ina cewa babu matsalar magudanar ruwa a wurin ba, akwai ta, kuma gini a bakin tafki haɗari ne ga mai ginin kafin kowa. Abin da nake cewa shi ne, magudanan Akra sun toshe ne da sharar birni gaba ɗaya, da gine-ginen masu hali da aka yi a kan hanyar ruwa a unguwanni masu sunaye na mutunci, amma unguwar da aka daɗe ana kira da sunan garin da aka halaka ita ce aka iya shiga da ƙarfi cikin kwanaki kaɗan ba tare da an tanadi inda mutane za su koma ba. Sunan ne ya sauƙaƙa wannan. Bayan rusau ma yana ci gaba da aiki a hankali: matashin da ya je neman aiki yana jin nauyin faɗin inda yake zaune, mai gidan haya yana ɗari-ɗari da shi, jami'in da ke raba famfo da asibiti kuma ba ya jin wani matsin lamba idan ya tsallake wurin.

Ba a Gana kaɗai laƙabi ke rikiɗa ya zama aikin hukuma ba. A watan Satumba na 2020 ma'aikatar shari'a ta Amurka, ƙarƙashin William Barr, ta ayyana New York da Portland da Seattle a matsayin yankunan da suka ƙyale rashin doka ya yi sarauta, da nufin a duba yiwuwar rage musu kuɗin tarayya. Kalmar da aka fara jifa da ita a dandalin siyasa ta shiga takardar gwamnati, sai da Joe Biden ya hau mulki ya soke umarnin a 2021. Garin Dearborn na jihar Michigan, inda fiye da rabin mazauna 'yan asalin ƙasashen Larabawa da maƙwabtansu ne, ya daɗe yana shan sunan "Dearbornistan". A 2010 Sharron Angle, mai takarar sanata a Nevada, ta yi iƙirarin cewa shari'ar Musulunci ta karɓe garin, har magajin garin na lokacin ya rubuta mata yana ƙaryatawa. A watan Fabrairu na 2024 kuma, da jaridar Wall Street Journal ta buga wani sharhi da ya kira shi hedikwatar jihadi ta Amurka, magajin gari Abdullah Hammoud ya ƙara 'yan sanda a bakin masallatai da sauran wuraren ibada saboda barazanar da ta biyo baya. Ki gaya wa masu cewa suna ba ya kashe mutum su tambayi wanda ya tura ɗansa masallaci a wannan mako. Shawarata gare ki da 'yan'uwanki ita ce ku dage a kan Old Fadama a bakinku da takardunku, ku kuma gyara wa duk ɗan jaridar da ya zo muku da ɗaya sunan, cikin ladabi amma ba tare da gajiya ba.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibin shari'a a Kano

Malam, shin birni zai iya kai ɗan siyasa ƙara saboda ɓata suna? Akwai kuma dokar da ta hana irin wannan furuci a Najeriya?

Amsa

Ɗana, a tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila hanyar ƙarar ɓata suna kusan a rufe take ga hukumar birni. A 1993 kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani, wato Majalisar Dattawa ta House of Lords, ta yanke a shari'ar hukumar gundumar Derbyshire da kamfanin jaridar Times cewa ƙaramar hukuma ba ta da ikon shigar da irin wannan ƙara, domin barin ta ta yi haka zai tsoratar da masu sukar gwamnati. Kotun ƙolin jihar Illinois ta riga ta kai ga irin wannan matsaya tun 1923, lokacin da birnin Chicago ya kai jaridar Tribune ƙara. Ina ganin hukuncin daidai ne, domin da an buɗe wannan ƙofa, gwamna ne zai fara amfani da ita a kan ɗan jaridar da ya rubuta cewa babban birnin jiharsa ya cika da shara.

Inda doka ke iya shiga shi ne ta ƙofar zaɓe. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta Najeriya ta 2022 ya hana a gurɓata yaƙin neman zaɓe da kalaman zagi da ka iya taɓa addini ko ƙabila ko ɓangare, ya kuma tanadi tarar da ta kai Naira miliyan 1 ko ɗaurin wata 12 ga ɗan takara. Matsalarmu ita ce aiwatarwa. A Indiya an ga an taɓa mai laifi, ko da hukuncin bai yi nauyi ba: a watan Janairu na 2020 Kapil Mishra, ɗan takarar jam'iyyar BJP a Delhi, ya kira unguwar Shaheen Bagh, inda mata Musulmi ke zaman dirshan a kan dokar zama ɗan ƙasa, da "ƙaramar Pakistan", hukumar zaɓe ta hana shi kamfen na awa 48. A watan Satumba na 2024 kuma kotun ƙolin ƙasar, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Chandrachud, ta tsawatar wa wani alƙalin babbar kotun Karnataka da ya kira wata unguwar Musulmi a Bengaluru da Pakistan, ta ce babu wanda ke da ikon kiran wani yanki na Indiya da wannan suna. A Birtaniya jam'iyya ce ke ladabtarwa. Michael Howard, shugaban jam'iyyar Conservative na lokacin, ya tura ɗan majalisarsa Boris Johnson Liverpool ya ba da haƙuri a 2004 bayan mujallar da yake edita ta zargi mutanen birnin da son a tausaya musu, a 2024 kuma jam'iyyar Conservative ta dakatar da ɗan majalisarta Lee Anderson bayan ya ce masu tsattsauran ra'ayin Musulunci sun mallake Sadiq Khan da Landan.

Tunda kai ɗalibin shari'a ne a Kano, kada ka manta da ɗaya ɓangaren karatunka. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da munanan laƙubba, kuma lafazinta a kan jama'a yake, ba a kan mutum ɗaya kawai ba. Malaman tarihi sun kuma nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita a kira birninsa Madina da Ɗaba a kan tsohon sunansa Yasriba, wanda a Suratul Ahzab munafukai ne aka ruwaito suna kiran mutanen garin da shi a ranar Yaƙin Gwalalo, lokacin da suke ƙoƙarin karya musu gwiwa.

Tambaya ta huɗu, daga wani matashi mai yi wa jam'iyyarsa aiki a Kaduna

Malam, ni ina ganin kuna son ku ɗaure mana baki. Idan gari ya ƙazantu ko 'yan daba sun addabe shi a ƙarƙashin abokan hamayyarmu, ba za mu faɗa ba ke nan?

Amsa

Ɗan'uwa, ku faɗa, da ƙarfi ma, domin aikin adawa ke nan, kuma garin da babu mai sukar masu mulkinsa ba ya gyaruwa. Abin dubawa shi ne a kan wa maganar ta sauka. Idan ka ce shugaban ƙaramar hukuma kaza ya karɓi kuɗin kwashe shara bai kwashe ba, ka faɗi titi ka faɗi adadi, to ka tsaya tare da mazauna garin kana fuskantar mai mulki, shi kuma dole ya kare kansa da hujja. Idan kuwa ka raɗa wa garin sunan juji, ka tsaya ne a waje kana nuna mazaunan da yatsa, mai mulkin ma ka ba shi mafita, domin zai daina maganar shara ya koma kare martabar gari, jama'a kuma su bi shi ko da ba sa ƙaunarsa.

Abin da ya faru a Baltimore ke nan a watan Yuli na 2019. Ɗan majalisa Elijah Cummings, wanda ke shugabantar kwamitin sa ido na majalisar wakilai, ya soki yadda ake tsare yaran baƙin haure a iyakar kudu, sai Shugaba Trump ya mayar da martani da cewa mazaɓarsa, wadda mafi yawan mutanenta baƙar fata ne, ƙazamin wuri ne da ɓeraye suka mamaye wanda babu ɗan'adam da zai so zama a cikinsa. Baltimore tana da matsala ta gaske, domin an kashe mutum 348 a birnin a wannan shekara. Amma maganar ba ta zo da shirin gyara ko ɗaya ba, ta kuma fito ne daga bakin wanda Baltimore ke cikin ƙasar da yake mulki. Raguwar kisan zuwa kusan 200 a 2024 ta zo ne a zamanin magajin gari Brandon Scott, ta hanyar aiki mai gajiyarwa na gano matasan da suka fi shiga haɗari, da haɗa 'yan sanda da masu shiga tsakani na unguwa.

Tunda kuma ƙuri'a kake nema, ka yi lissafin riba da asara. A watan Janairu na 2016 Ted Cruz, abokin hamayyar Trump a neman takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar Republican, ya so ya kayar da shi a idon masu ra'ayin riƙau na jihar Iowa ta hanyar cewa yana ɗauke da "ɗabi'un New York". A muhawarar da ta biyo baya Trump ya tuna masa yadda mutanen birnin suka tashi tsaye bayan harin 11 ga Satumba, 2001, har Cruz da kansa ya tafa. Cruz ya ci Iowa, amma da zaɓen fidda gwani ya iso New York a watan Afrilu sai ya zo na uku, bai sami wakili ko ɗaya ba. A Najeriya ma, inda tsarin mulki ya wajabta wa mai neman shugabanci samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, kuma mai neman gwamna yake fuskantar irin wannan sharaɗi a ƙananan hukumomi, babu garin da za ka iya zubarwa. Kai da ke Kaduna ka fi ni sanin yadda kogi ya raba birnin gida biyu bayan rikicin 2000 da na 2002, da irin sunayen da kowane ɓangare ke kiran unguwannin ɗayan da su. Idan maigidanka ya ba ka irin wannan suna ka yaɗa a Facebook, ka nemi ya ba ka sunan titin da ba a gyara ba da adadin kuɗin da aka ware masa, ka yaɗa wannan a maimakonsa.